Gyaran hanyar hayaƙi a injin gazuwal mai turbo

Injin gazuwal yana shaƙar iska, yana kuma fitar da hayaƙi. Idan hayaƙi bai samu hanyar fita da sauƙi ba, ƙarfin inji yakan ragu, kuma ya riƙa shan mai da yawa. Wannan bayani domin direbobi ne, da masu motoci, da ƴan koyon aikin makanike.

Ina hayaƙi yake bi?

A saman inji akwai wani babban ƙarfe da makanikai suke kira kulas. A cikinsa akwai ramukan da hayaƙi yake fita ta cikinsu. Daga nan sai ya shiga kolektar, wato ƙarfen da yake tattara hayaƙin duka ya kai shi ga turbo. A cikin turbo akwai farfela biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙi yana juya ta farko, ta biyu kuma tana tura iska cikin inji. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwis, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan dabara a shekarar 1905. A ƙananan motoci, turbo yakan juya fiye da sau dubu 100 a minti ɗaya.

Mene ne gyaran?

Ana zuba kulas da kolektar ne a cikin ma'auni, shi ya sa cikinsu yake da kaushi da ƴan tudu. Wani lokaci kuma bakin ramin kulas bai yi daidai da bakin kolektar ba, sai hayaƙi ya riƙa karo da gefen ƙarfe. Makanike yakan goge waɗannan wurare da ƙaramin injin guga, har bakunan biyu su daidaita, hanya ta yi sumul.

Manufa ita ce hanya ta yi santsi, ba ta yi faɗi ba. Dubi ruwan tiyo a lambu: idan bakin tiyo ya yi faɗi, ruwa ba ya feshi da ƙarfi. Haka hayaƙi yake. Idan rami ya buɗe fiye da kima, gudun hayaƙi yakan ragu, turbo ya yi jinkirin tashi. Mota mai kaya za ta rasa ƙarfi wajen tashi da hawan tudu.

Abubuwan kiyayewa

1. A bayan bangon ramukan akwai hanyar ruwan sanyaya inji. Idan aka goge har bango ya huje, ruwa zai zubo, kulas ya lalace. Ƙarfen da aka goge ba ya dawowa.
2. Kada a taɓa wurin da bawul yake zama.
3. A wanke garin ƙarfe sarai kafin a ɗaura. Ɗan guntun ƙarfe yana iya karya fikafikan farfela.
4. A sa sabon juwan tsakanin kulas da kolektar.

Kafin a kwance inji

Sau da yawa rashin ƙarfi ba daga ramuka yake ba. A fara duba matatar iska, domin ƙurar hunturu tana saurin toshe ta. A duba allurorin da suke fesa gazuwal. A duba gefen kolektar: baƙin tabo alama ce ta cewa hayaƙi yana tserewa kafin ya kai ga turbo. Gyaran waɗannan ya fi araha. Idan duk suna lafiya, sannan a kai kulas wurin makanike wanda ya ƙware a wannan aiki.