Sanarwar neman ma'aikata: Yadda takardar layi biyu ke wahalar da jama'a a Jimeta

A unguwar Ajiya da ke Jimeta, cikin Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, ba wuya mutum ya ci karo da takarda manne a ƙofar kemis ko makarantar kuɗi ko shagon POS, ɗauke da layi biyu kacal: ana neman ma'aikaci, a tuntuɓi wannan lamba. Ba a faɗi irin aikin ba, balle albashi ko lokacin tashi. Kafin la'asar an ɗauki hotonta an watsa a WhatsApp.

Yankin kuwa cike yake da matasa masu takardun shaida, domin duk shekara Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka da ke Najeriya da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa suna yaye ɗalibai. Idan sanarwa ba ta fayyace wanda ake nema ba, mai digiri da mai NCE da wanda ya tsaya a sakandare duk sai su yi tururuwa, kowa ya kashe kuɗin keke da na hoton takardu. Mai wurin ya wuni yana tantancewa har ya gaji, ya ɗauki wanda ya fi iya magana ko ɗan wani da ya sani. Bayan wata biyu sabon ma'aikacin ya gano aikin ba shi ne wanda ya yi zato ba, ya ajiye, a sake manna takarda.

Maganin yana farawa ne daga sunan aikin da abin da za a riƙa yi kullum. Makarantar da ta rubuta cewa tana neman malamin lissafi na aji 4 zuwa 6 na firamare, daga ƙarfe 7:30 na safe zuwa 2:00 na rana, ta riga ta rage wa kanta rabin wahala. Sai a raba abin da ya zama tilas da wanda ƙari ne kawai. Shagon da abokan cinikinsa ke zuwa daga Girei da Fufore ya fi buƙatar mai jin Fulatanci da Hausa a kan mai digiri, kuma ya kamata ya rubuta hakan ƙarara.

Adireshi ma abin lura ne. Kalmar Yola kaɗai tana rikita mai nema, saboda tsohon garin da fadar Lamiɗo take daban, Jimeta kuma daban. Mazaunin Ajiya da zai riƙa zuwa cikin Yola kullum dole ya lissafa kuɗin abin hawa kafin ya amsa tayin.

Batun albashi ne masu ɗaukar aiki suka fi kauce wa. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, sai dai dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Ke nan mai neman aiki a ƙaramin shago ba shi da ma'aunin da zai dogara da shi sai abin da aka rubuta. Ko ba a faɗi adadi tsayayye ba, ana iya cewa daga kaza zuwa kaza. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ma ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, don haka abin da aka ɓoye a sanarwa dole ya fito daga baya. Wanda kuwa ya karɓi aiki da saninsa ba ya saurin guduwa, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai kuma batun amana. Sanarwar da ba ta da suna ko adireshi ta yi kama da ta 'yan damfara masu karɓar kuɗin fom su ɓace, shi ya sa ƙwararru da yawa, musamman mata, ke wuce ta ba tare da sun kira ba. Sunan wurin da cikakken adireshi da ranar rufe karɓar takardu, tare da layi ɗaya da ke cewa ba a biyan ko sisi, su ne ke ba iyaye natsuwar barin 'yarsu ta je tantancewa.