Tunawa da Marubucin Waƙa Bayan Rasuwarsa: Misalin Malam Sa'adu Zungur

A al'adar rubutacciyar waƙar Hausa, idan sha'iri ya rasu ba a addu'a da zaman makoki kaɗai ake tsayawa ba. Abokan fasaharsa sukan tsara masa marsiyya, wato waƙar ta'aziyya, su ambaci halayensa, su roƙa masa gafara. Wata hanyar kuma ita ce tahamisi, inda wani mawaƙi zai ɗauki baiti mai ɗango biyu na magabacinsa ya ɗora masa ɗango uku, ya zama ƙwar biyar, ba tare da ya karya kari ba. Haka Isa ɗan Shehu ya yi wa "Tabban Haƙiƙa", wadda Shehu Usmanu ya tsara da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa. Aiki guda ke nan da hannaye uku suka taru a kansa.

Sai dai marsiyya, bisa ɗabi'arta, yabo ce. Ba ta tuhumar mamaci, kuma ba a sa ran ta yi. Saboda haka al'ummar da ta dogara da ita kaɗai takan wayi gari da sunan mawaƙi a bakin kowa, amma ba tare da sanin abin da ya faɗa ba.

Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, misali ne mai kyau. A Bauci an sa wa makarantu sunansa, kuma a tarukan tunawa akan gabatar da shi a matsayin jagoran 'yan gwagwarmaya, malamin Malam Aminu Kano a fagen siyasa, jigo a jam'iyyar NEPU wadda aka kafa a 1950. Duk wannan gaskiya ne. To amma fitacciyar waƙarsa, "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", mulukiya ta zaɓa. Ya tsara ta ne bayan zamansa a Legas, inda ya riƙe muƙamin sakataren NCNC, kuma a cikinta ya nuna fargabar abin da jamhuriya za ta jawo wa Arewa. Haka nan bai ƙyale sarakuna ba: ya gargaɗe su da su gyara, ya buga musu misali da abin da ya sami sarakunan Indiya. Mai son sarauta yakan rera ɓangaren farko ya yi shiru, ɗan gwagwarmaya kuma ya ɗauki na biyu. Kowannensu rabin Sa'adu ya riƙe.

Abin sha'awa shi ne, mutanen zamaninsa ba su ji nauyin ja da shi ba. Alhaji Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da waƙar "Arewa Jumhuriya Kawai", kuma hakan bai rage wa Sa'adu daraja ba. Hasali ma waƙoƙin biyu sun fi fahimtuwa idan aka karanta su tare. Littafin da Ɗandatti Abdulƙadir ya wallafa a 1974 kan rayuwar Sa'adu da waƙoƙinsa ya sauƙaƙa wa ɗalibai samun matanin.

Wannan yana da muhimmanci ga ɗalibin da zai zama malami. Idan makaranta ta shirya ranar tunawa da wani sha'iri, bai kamata a cika ta da jawaban manyan baƙi ba. A fara rera waƙar da murya, domin waƙar Hausa don kunne aka tsara ta. A raba baitoci ga ɗalibai, masu hazaƙa su gwada tahamisi ko martani bisa karin da amsa-amon waƙar. Daga nan a zauna muhawara, a gayyato dattawan gari da suka ga zamanin sarakuna da En'e, a bar ɗalibi ya tambaya ko fargabar Sa'adu ta tabbata bayan Nijeriya ta zama jamhuriya a 1963.

A nan malami zai gamu da cikas, domin Bahaushe ya tashi da tarbiyyar kame baki daga aibata mamaci, kuma wani dattijo zai iya ɗaukar tambayar a matsayin rashin kunya. Aikin malami ne ya fayyace tun kafin a zauna cewa ra'ayin da mawaƙi ya rubuta ya yaɗa shi ake aunawa, mutuncinsa kuwa ba ya cikin abin da aka zo tattaunawa.