Faifan Stevie Wonder da ya ci kyauta yana Legas

A shekarar 1975, saura ƙiris mawaƙin nan makaho ɗan Amurka, Stevie Wonder, ya yi sallama da sana'ar waƙa baki ɗaya.

Ya nuna cewa ya gaji da yadda ake tafiyar da al'amura a ƙasarsa, yana kuma son ya koma Ghana domin taimaka wa yara naƙasassu.

Daga bisani sai ya sauya shawara, ya sabunta kwangilarsa da kamfanin Motown na tsawon shekara bakwai, bisa sharaɗin cewa shi ke da wuƙa da nama a kan waƙoƙinsa. Wannan 'yanci ne ya haifar da Songs in the Key of Life, wanda ya fito ranar 28 ga watan Satumba, 1976.

Waƙoƙi 21

Salon soul, wanda Stevie Wonder ya yi fice a kansa, ya samo tushe ne daga waƙoƙin coci na baƙaƙen fatar Amurka. Amma a nan bai tsaya kan soyayya kaɗai ba, kamar yadda akasarin takwarorinsa suka saba.

Waƙoƙi 21 ne, waɗanda suka cika manyan faya-fayen garmaho biyu, har sai da aka haɗa da wani ƙaramin faifai mai waƙa huɗu.

A waƙar Village Ghetto Land ya zayyana talaucin unguwannin baƙar fata a kan wani lallausan kiɗa irin na fadar sarakunan Turai, kuma wannan cin karo tsakanin kiɗa da magana shi ne ƙarfin waƙar. Sir Duke kuwa ta'aziyya ce cikin raha ga makaɗi Duke Ellington, wanda ya rasu a 1974. Akwai Isn't She Lovely da ya yi wa 'yarsa Aisha, da wata wadda ya buɗe da harshen Zulu na Afirka ta Kudu.

Faifan ya shiga jadawalin mujallar Billboard a matsayi na ɗaya tun makon farko, abin da babu wani mawaƙin Amurka da ya taɓa yi kafinsa, ya kuma shafe mako 13 a jere a wurin.

Daren Grammy

A farkon 1977 mawaƙin ya zo Najeriya domin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a Legas, bikin da aka yi hawan dabarsa a Kaduna da mahaya daga jihohin Arewa, ciki har da Sakkwato.

Yana Legas aka yi bikin kyautar Grammy ranar 19 ga Fabrairu, sai aka haɗa shi da zauren ta tauraron ɗan'adam. Na'urorin suka riƙa tsinkewa, har mai gabatarwa Andy Williams ya yi suɓul da baka, ya tambayi makahon ko yana ganinsu.

Duk da haka ya lashe kyauta huɗu a daren, ciki har da ta faifan shekara, karo na uku cikin shekara huɗu.

Burin zama ɗan Ghana kuwa sai a ranar 13 ga Mayu, 2024 ya cika, lokacin da Shugaba Nana Akufo-Addo ya miƙa masa takardar zama ɗan ƙasa, a ranar da ya cika shekara 74 da haihuwa.