Ina Za Ka Nemo Asalin Gidanku a Ƙasar Daura?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Tun da muka yi magana a kan rijiyar Kusugu saƙonni suke shigowa, kuma tambaya ɗaya ta fi yawa. Masu sauraro suna cewa sun ji an ce mutanen Daura daga Kan'ana suka fito, to ko hakan na nufin akwai jinin Yahudawa a gidajensu? In akwai, wane ɗakin karatu ko wace ƙungiya za su je su ga takarda? Wani ma har ya ce zai biya kuɗi a yi masa gwajin jini a Amurka. Na ce a'a, malam, riƙe kuɗinka tukuna, mu fara da abin da ke kusa.

Bari mu soma da maganar Kan'anar. Tana cikin Girgam, wato kundin sarautar Daura, wanda Bature H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1928. Abin da labarin ya ƙunsa shi ne wani mutum mai suna Najib, Bakan'ane, ya bar Falasɗinu da iyalinsa ya yi yamma zuwa Libiya. Ɗansa Abduldari ya nemi sarauta a Tarabulus bai samu ba, sai ya gangaro kudu cikin hamada. Daga zuriyarsa aka sami Magajiyoyin da suka yi mulki a Tsohon Birni, kafin a koma inda Daura take yanzu, kafin zuwan Bayajidda. To ku lura, Bakan'ane aka ce. Kan'aniyawa daban, Bani Isra'ila daban, ko a littattafan Yahudawan kansu. Sannan Girgam jerin masu mulki ne, aikinsa ya nuna wa ya gaji wa a gadon sarauta. Ba zai gaya maka sunan kakan kakanka da ya yi ƙira ko jima a wata unguwa ba. Kusan kowace tsohuwar masarauta a ƙasar nan tana da irin wannan labari na fitowa daga gabas: Barebari sun ce Yaman, Bayajidda an ce Bagadaza. Labari ne mai daraja, amma ba da shi ake gano gida ɗaya ba.

Yahudawa kuwa sun zauna a bakin hamadar nan, wannan tabbas ne. Akwai su a Tuwat, kudancin Aljeriya ta yau, suna fataucin zinariya, har wajen 1492 lokacin da Shehu Magili ya sa aka rushe wurin ibadarsu a Tamantit suka watse. Shi ne dai Magilin da daga baya ya zo Katsina, ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. A Tumbuktu wani malamin Yahudawa daga Maroko, Mordekai Abi Serur, ya zauna yana kasuwanci wajen shekarun 1860. A Kano ma, zamanin Turawa, an yi Saul Raccah, Bayahuden Tarabulus, babban mai sayen gyaɗa. Duk waɗannan an san su ne saboda sun bar takarda: wasiƙa, lissafin bashi, shari'a a gaban alƙali. A Tumbuktu wani masani, Isma'il Diadie Haidara, ya bi irin waɗannan tsofaffin takardun kasuwanci na gidaje har ya fitar da littafi a kan Yahudawan garin a 1999. Da takarda ya yi magana, ba da an ce ba.

Yauwa. Abin da ni nake so mu ɗauka daga Yahudawa shi ne dabararsu ta bincike, domin a duniya kaɗan ne suka kai su naci a wannan fanni, kuma dole ce ta sa su. An kore su daga garuruwa, an ƙone musu takardu, a yaƙin duniya na biyu an kashe musu mutum miliyan 6. Wanda ya tsira ya tashi a wata ƙasa ba shi da kowa sai sunan wani ƙauye da ya ji a bakin kakarsa. Shi ya sa mai binciken asali a cikinsu, tambayar farko da zai yi maka ba mene ne sunan gidanku ba ce. Cewa zai yi: wane gari? Sunan gida a wurinsu sabon abu ne, a daular Ostiriya sai a 1787 aka tilasta musu ɗaukarsa. Gari kuwa shi ke nuna wace hukuma ta rubuta ka, da wane harshe, kuma ina ta ajiye rajistar. Akwai birni guda da Jamusawa suka kira Lemberg, mutanen Foland suka ce Lwow, yau yana Yukren ana ce masa Lviv. Iyali ba su motsa daga gidansu ba, amma takardunsu suna cikin harsuna uku ko huɗu. Babban shafinsu na intanet, JewishGen, ɗaya daga cikin manyan kayan aikinsa shi ne na gano gari da duk sunayen da ya taɓa amsawa, da lardin da yake ciki a kowane zamani.

Kun ga wannan matsala? Tamu ce sak. Mu ma sunan gida boko ne ya kawo mana. Yaro ya je makarantar midil, malami ya ga Musa uku a aji, sai ya rubuta Musa Daura, Musa Zango, Musa Baure. Ga kuma alkunya. Kakanka da kowa ya sani da Maikano ko Ɗanjuma, a rajistar haraji Abdullahi ne. Kakarka kuwa wataƙila har ta rasu ba ka taɓa jin sunanta na yanka ba, Iya kawai ko Hajiya Babba. Don haka in ka tunkari ma'ajiyar takardu da suna kaɗai, ka sha wahalar banza. Je ka da sunan ƙauye, da unguwa, da sunan dagaci ko hakimin da ake yi a lokacin.

Kuma ƙasar Daura ta sha rabuwa, a nan ne mutane da yawa suke ɓata. Wajen 1805, lokacin jihadi, Malam Isiyaku ya karɓi birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Danginsa suka kafa sarauta a Zango da Baure, kuma daga baya suka shiga ƙarƙashin inuwar Damagaram. Fulani suna birni suna bin Sakkwato. Wato kusan shekara ɗari Daura ba ɗaya ba ce. Sai a 1906 Turawan Ingila suka dawo da Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura. A daidai wannan lokaci ne kuma Ingila da Faransa suke kafa turakun iyaka, tsakanin 1906 da 1908, aka yanke ƙauyuka da dama suka faɗa ɓangaren Faransa, wajen Magarya. In kakanka Bazange ne a 1880, labarinsa yana iya kasancewa a bakin mutanen Zinder fiye da na birnin Daura. In dangin kakarka suna hayin Kongolam, sunayensu da rubutun Faransanci suke, Usman ya zama Ousmane, Yusufu ya zama Issoufou, kuma takardun suna Zinder ko Yamai.

Ga wani abu da zai cece ku kuɗin mota. Babbar ma'ajiyar takardun gwamnati ta Arewa tana Kaduna, an buɗe ta a 1957. An jera fayilolin ne lardi lardi. Mutum zai taso daga Daura, ya ce ai mu jihar Katsina muke, ya nemi jerin lardin Katsina da ake yi wa laƙabi KATPROF, ya duba shekarun 1910 da 1920 ya ga wayam. Dalili kuwa, Daura tana lardin Kano ne har 1934, lokacin da aka ƙirƙiri lardin Katsina aka haɗa masarautun biyu. Duk abin da ya gabaci wannan shekara, a KANOPROF za ka fara nema, da kuma fayilolin sakataren lardunan Arewa, SNP. Ka riƙa gwada rubutun suna iri iri, Zango da Zongo, Mai'aduwa haɗe da rabe, domin kowane Bature yadda kunnensa ya ji haka ya rubuta.

Me za ka samu a ciki? Abin da na fi so shi ne rahoton kimanta haraji. Di'o zai zagaya gunduma a kan doki, ƙauye bayan ƙauye, ya tara dattawa ya tambayi wa ya kafa garin, daga ina ya zo, dagatai nawa aka yi, maƙera nawa, masaƙa nawa, rijiya nawa. Don kuɗi ya yi, ba don Allah ba, kuma mutane sun ɓoye masa abin da za su iya ɓoyewa, musamman shanu. Amma dattawan da ya yi hira da su a 1915 sun ga zamanin da Damagaram ke kawo hari da idonsu. Babu mai rai yau da zai ba ka wannan.

A Kadunar dai akwai Arewa House, tsohon gidan Sardauna, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi a 1970. A Zariya, sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ya tara rubuce-rubucen Larabci da ajami tun shekarun 1960. A Katsina akwai hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Kada kuma ku raina kundayen kammala digiri na ɗaliban tarihi a Zariya da Bayero da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ɗalibi kan rubuta tarihin garinsu, ya jera sunayen dattawan da ya yi hira da su da shekarunsu a ƙarshen kundi. Wani lokaci wannan jerin ya fi kundin amfani. Littafin da ya fi zurfi a kan masarautar shi ne na M. G. Smith, The Affairs of Daura, na 1978. Yana da nauyin karatu, gaskiya, Turancinsa ba na shan shayi ba ne, amma ya bi sarautu da gidajen da ke riƙe da su dalla dalla, har na mata irin Magajiya da Iya.

To amma duk wannan na nesa ne. Mafi yawanmu talakawa ne, kuma talaka a wuri uku hukuma ta fi rubuta sunansa: haraji, kotu, makaranta. Rajistar haraji tana bin magidanta gida gida, ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, har 1979 da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna, wadda Daura ke cikinta kafin a yi jihar Katsina a 1987. Saboda haka gidan hakimi da gidan dagaci wuraren tambaya ne. Littafin alƙali kuma, in aka dace da shari'ar rabon gado, ya fi komai, domin dole a lissafa magada duka, maza da mata, da matan mamaci, kowa da sunansa na yanka. A nan ne kaɗai sau da yawa za ka ga sunan mace. Matsalar ita ce da aka rushe En'e a 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, takardu sun rarrabu. Masarautar yau ƙananan hukumomi biyar ce, Daura, Zango, Baure, Mai'aduwa da Sandamu, sai ka yi haƙurin bin su ɗaya bayan ɗaya, kuma ka je ta hannun wanda aka sani. Gaisuwa tukuna, tambaya daga baya.

Akwai wata al'ada da muka yi tarayya da Yahudawa a cikinta, kuma ita ce ta fi burge ni. Su ma ba sa yar da takardar da ke ɗauke da sunan Allah. A tsohuwar Alƙahira, a wurin ibadarsu na Ben Ezra, sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuba irin waɗannan takardu a wani ɗaki. A 1896 zuwa 1897 wani malami, Solomon Schechter, ya kwashe kusan guntaye 190,000 zuwa Jami'ar Kambirij. Da aka duba, ba addu'o'i kaɗai ba ne, har da takardun aure, da na saki, da wasiƙun fatake, da lissafin kayan ɗaki na amare. To gafakar malamin unguwarku fa? Da tsohuwar adakar da ke ƙuryar ɗakin kakanku, wadda ba mai taɓawa? Mai kwafar littafi da hannu yakan rufe da sunansa da na mahaifinsa, wani har kakansa da garinsu. A bangon Alƙur'ani ko gefen Ishiriniya akan rubuta ranar haihuwar yaro, ko shekarar da aka yi yunwa, ko bashin da ake bin wani. Gara da ɗigar damina suna cin wannan kullum. Ba sai ka ɗauke ba, kar ma ka nemi a ba ka aro, nan ake faɗa. Ka nemi izini, ka ɗauki hoton kowane shafi da waya, ka mayar yadda ka same shi.

Batun ƙungiya kuma. Yahudawan da suka yi hijira zuwa Niyok sun kafa ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, kuma bayan yaƙi waɗannan ƙungiyoyi suka tara kuɗi suka buga littattafan tunawa da garuruwansu, ɗaruruwa, da taswirar unguwanni da sunayen masu gidaje. Mu ma ai muna da ƙungiyoyin ci gaban gari a Kano da Kaduna da Abuja, ga zaurukan WhatsApp na dangi da ba a komai a ciki sai barka da Juma'a. A ware mutum biyu, ɗaya ya bi tsofaffi da waya yana naɗar murya, ɗaya ya rubuta. A fara da mata, su ne suka san wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa. A tambayi wanzamin gidan ma'anar zanen fuskar kakanni. Lokacin Sallar Gani, da 'yan Daura ke dawowa gida daga ko'ina, a saurari maroƙa da kyau, domin kirarin gida yakan jero kakanni huɗu ko biyar a numfashi ɗaya. Sai dai a tuna maroƙi don kyauta yake yi, ba ya ambaton wanda aka tuɓe ko wanda ya yi gudun haraji. Abin da ya faɗa sai a gwada shi da na tsohuwa, a gwada da na takarda.

Kuma ku shirya wa abin da za ku tarar. Wani zai tafi neman Kan'ana ya dawo da labarin kakan da aka kamo a yaƙi, ko wanda yunwar 1914 ta koro daga arewa. Kafin ka watsa irin wannan a zauren dangi, ka zauna da manyan gidan.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu shiga gidajen maƙera da majema na cikin birni, mu ga yadda sana'a ke riƙe asali. Wanda ke da hoton tsohuwar takardar haraji ko shafin gafaka, ya turo ta akwatin saƙo, amma a rufe sunayen waɗanda ke raye. Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.