Siffar Kowane Galaksi Tarihinsa Ce

Duk tauraron da idonka ya taɓa gani da dare, tun daga Kaza da 'ya'yanta har zuwa ƙananan da babu wanda ya raɗa musu suna, ɗan gida ɗaya ne da ranarmu. Irin wannan gida shi masana falaki ke kira galaksi, wato tarin taurari da iskar gas da ƙura waɗanda ƙarfin janyowa ya ɗaure wuri guda, suna kewaya cibiya ɗaya. Namu, wanda Larabawa ke kira Majarra, shi ne farin zanen nan da ke ratsa sama a daren da babu farin wata. Taurarinsa sun kai tsakanin biliyan 100 zuwa biliyan 400. Haske yana gudun kilomita 300,000 a sakan ɗaya, yana isowa daga rana cikin minti 8 da 'yan kai, amma sai ya yi shekara wajen 100,000 kafin ya ƙetare galaksinmu daga wannan baki zuwa wancan.

Har farkon ƙarni na 20, manyan masana da yawa sun ɗauka nan ne iyakar halitta. Ba don ba a ga alamar wani abu a can gaba ba. Tun wajen shekarar 964, Abdurrahman al-Sufi, masanin falaki mutumin Farisa, ya ambaci wani ɗan ƙaramin gajimare a cikin littafinsa na siffofin taurari, gajimaren da ba ya gushewa daga wurinsa. Shi ne ake kira Andiromeda a yau. Ana ganin ta da ido daga ƙasar Hausa: a watan Nuwamba, kafin hazo ya yi kauri, ka fita bayan gari bayan sallar isha'i ka dubi sama ta ɓangaren arewa. Ɗan dushi-dushi ne kawai, babu abin burgewa, amma hasken da ke shiga idonka ya baro can tun shekara miliyan 2.5 da suka wuce.

Da madubin hangen nesa ya zo, irin waɗannan gajimarai suka yi ta bayyana. A 1845, Lord Rosse ya gina madubi mai faɗin mita 1.8 a Ailan, ya ga cewa ɗaya daga cikinsu murɗaɗɗe ne, yana da hannaye da suka naɗe cibiyarsa. Gardama ta kaure. Wasu suka ce tururin gas ne a cikin galaksinmu, wasu suka ce a'a, galaksoshi ne masu zaman kansu. A watan Afrilun 1920 aka haɗa Harlow Shapley da Heber Curtis muƙabala a Washinton a kan wannan batu, aka tashi ba kare bin damo, domin babu wanda ya san nisan abin da ake gardama a kansa.

Ma'aunin ya fito ne daga hannun wata mata, Henrietta Leavitt, wadda aka ɗauka aikin duba hotunan taurari a Jami'ar Harvard kan ɗan albashi kaɗan. Akwai wasu taurari da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida. A 1912 ta nuna cewa gwargwadon daɗewar tauraro kafin ya kammala zagaye ɗaya na haske da dushewa, gwargwadon ƙarfin haskensa na ainihi. In ka san ainihin hasken abu, ka kuma auna yadda ya dushe kafin ya iso gare ka, to ka san nisansa. A watan Oktoban 1923 Edwin Hubble ya hango irin wannan tauraro a cikin Andiromeda da madubi mai mita 2.5 na Dutsen Wilson a Kalifoniya. Lissafinsa ya ba shi tafiyar haske ta shekara 900,000. Bai kai rabin nisan gaskiya ba, amma ko a hakan ya wuce bakin galaksinmu nesa ba kusa ba. Magana ta ƙare. Sunan Hubble ne ya yi tashe, har aka sa wa madubin sararin samaniya, amma ba don Leavitt ba da bai sami abin awo ba, kuma ta rasu a 1921 ba ta ga amfanin da ya yi da aikinta ba.

A 1926 Hubble ya kasa galaksoshi bisa siffarsu, kuma har yau da rabonsa ake aiki: masu hannaye, dunƙulallu, da marasa tsari. Sai dai rabon kaɗai bai da wani daɗi. Abin sha'awa shi ne dalilin da ya sa kowanne ya ɗauki siffar da ya ɗauka.

Mu fara da masu hannaye, tunda namu yana cikinsu, haka ma Andiromeda. Faifai ne mai faɗi marar kauri, da ƙullutu a tsakiya inda tsofaffin taurari masu launin rawaya suka taru. Kusan biyu cikin uku suna da wata miƙaƙƙiyar sanda ta taurari da ta ratsa cibiyar, hannayen kuma daga bakin sandar suke tashi. Namu ma mai sanda ne. Ranarmu tana can gefe, nisan tafiyar haske ta shekara 26,000 daga cibiya, kuma takan yi shekara kusan miliyan 230 kafin ta kewayo sau ɗaya. Tun da aka halicce ta ba ta yi kewaye fiye da 20 da wani abu ba.

A nan wata matsala ta taso. Taurarin da ke kusa da cibiya sun fi na gefe saurin kammala kewaye. Da a ce hannayen nan jerin taurari ne tabbatattu, da tuni sun nannaɗe sun cakuɗe bayan 'yan kewaye kaɗan. Amma ga su nan a buɗe. A 1964 C. C. Lin da Frank Shu suka kawo bayanin da ya fi karɓuwa: hannun ba abu ba ne, cunkoso ne. Ka tuna inda titi ya tsuke a bakin kasuwa. Motoci suna shiga cunkoson, su rage gudu, su fita ta gaba, wasu su maye gurbinsu. Cunkoson yana nan kullum, amma motocin cikinsa ba na ɗazu ba ne. Haka taurari da gas ke shiga hannun galaksi su fita. Idan gas ya shiga sai ya matsu, in ya matsu sai ya dunƙule ya haifi sababbin taurari. Manyan cikinsu shuɗaye ne masu tsananin haske, amma ba su da tsawon rai, shekara miliyan kaɗan ne sun ƙone, tun ba su yi nisa da inda aka haife su ba. Shi ya sa hannayen ke fitowa fes a hoto. Tsakanin hannu da hannu ma cike yake da taurari, ba su da haske sosai ne kawai.

Dunƙulallu kuwa ba faifai, ba hannu. Wasu kewayayyu ne sak, wasu sun ɗan miƙe kamar ƙwai. Taurarinsu ba sa bin hanya ɗaya, kowanne da inda ya fuskanta. Gas mai sanyi ya kusa ƙare musu, saboda haka haihuwa ta tsaya, sai tsofaffin taurari jajaye-jajaye suka rage. A cikinsu ake samun ƙattin galaksoshi, irin M87 mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 55. A cibiyarsa akwai baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓuce wa janyowarsa, mai nauyin rana biliyan 6.5, wanda aka fitar da hotonsa a watan Afrilun 2019, karo na farko da aka ɗauki hoton irinsa. Na cibiyar galaksinmu nauyin rana miliyan 4 ne kacal.

Hubble ya kira dunƙulallu "na farko", masu hannaye kuma "na baya". Ya yi gargaɗin cewa ba jerin shekaru yake nufi ba, amma mutane da yawa suka ɗauka dunƙulalle ne ke girma ya fitar da hannaye. Binciken baya ya nuna sau da yawa akasin haka ne. A 1972 wasu 'yan'uwa biyu, Alar da Juri Toomre, suka gwada da kwamfuta abin da ke faruwa in galaksoshi biyu suka gifta juna, sai ga dogayen wutsiyoyi irin waɗanda ake gani a wasu hotuna. Daga nan aka gane cewa idan manyan faifai biyu suka haɗe, tsarin kewayensu yakan wargaje, gas ɗinsu ya ƙone a wata guguwar haihuwar taurari, abin da ya saura ya zama dunƙulalle. Abin mamaki, a duk wannan karo da wuya tauraro ya bugi tauraro, saboda tazarar da ke tsakaninsu. Tauraron da ya fi kusa da ranarmu ma tafiyar haske ce ta shekara 4 da 'yan watanni.

Marasa tsari da ƙanana su ne talakawan sama, sun fi kowa yawa, an fi mantawa da su. Biyu daga cikinsu, gajimaran Majalan, maƙwabtanmu ne na kusa, ana ganinsu sarai daga Afirka ta Kudu da Ostareliya. Manya kuma da cin ƙanana suke girma. A 1994 aka gano wani ƙaramin galaksi da namu ke yagawa yanzu haka, ya ja taurarinsa sun zama dogon zare. A 2018 kuma bayanan tauraron ɗan'adam na Gaia suka nuna cewa namu ya haɗiye wani wajen shekara biliyan 10 da suka wuce, kuma har yau ana gane taurarin baƙon ta yadda suke tafiya. Ita ma Andiromeda tana matsowa gare mu da gudun kilomita 110 a sakan. An daɗe ana cewa karo zai auku nan da shekara biliyan 4 zuwa 5, amma wani lissafi da aka buga a 2025 ya mayar da abin rabi da rabi cikin shekara biliyan 10.

Duk wannan ma abin da ke haske ne. A 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka auna gudun gas a sassan Andiromeda, kuma awon da suka ci gaba da yi a wasu galaksoshi ya nuna cewa gefen faifai yana gudun da ya kamata a ce ya watse. Akwai wani nauyi da ba a gani da ke riƙe da shi, wanda ya ninka abin da ake gani sau biyar ko fiye.

To galaksoshin nawa ne? A watan Disambar 1995 aka juya madubin Hubble zuwa wani ɗan tsukin sama da ake ganin babu komai, aka bar shi kwana 10 yana tara haske. Galaksoshi kusan 3,000 suka fito. In aka auna da faɗin sama duka, ƙiyasi yana kamawa daga ɗaruruwan biliyoyi har zuwa tiriliyan 2. Na nesa sosai ƙanana ne, gutsi-gutsi, ba su gama daidaita ba, domin a ƙuruciyarsu muke ganinsu. Madubin James Webb, wanda aka harba a Disambar 2021, ya hango wasu kamar yadda suke ƙasa da shekara miliyan 300 bayan farkon halittar sararin samaniya, kuma haskensu ya fi yadda masana suka zata.

Tun kafin wannan, hotunan galaksoshi sun fi ƙarfin masana. Shi ya sa a 2007 aka buɗe shirin Galaxy Zoo, aka ɗora hotunan galaksoshi kusan 900,000 a intanet, aka roƙi jama'a su taya rarrabe su da ido. A shekarar ce wata malamar makaranta 'yar ƙasar Holan ta ga wani baƙon gajimaren gas da babu masanin da ya lura da shi, yau da sunanta ake kiransa. Shirin yana nan yana ci gaba, kyauta ne, ba a tambayar takardar shaida. Malaman kimiyya na makarantunmu, duk wanda ke da waya da ɗan data a cikinku zai iya zaunar da ɗalibansa su rarrabe galaksoshi da hannunsu.