Keke Mai Sifirin Ya Gagari Masu Gyara a Mubi

Daga Wakilinmu

Tun da aka hana hawan babur a Maiduguri a 2011 saboda rikicin Boko Haram, hanin ya bi sauran garuruwan wannan yanki, sai darajar keke ta dawo. A Mubi ma haka abin ya kasance, balle bayan 2014, shekarar da 'yan ta'adda suka kama garin na ɗan lokaci. Mutane sun dawo gida hannu wofi, wanda bai da kuɗin Keke Napep kuwa sai ya nemi keke.

To, amma ba Rali irin na iyaye samari suka nema ba. Abin da ya cika kasuwa shi ne keken gwanjo na hawan dutse, wanda Turawa suka gama yayinsa, aka auno shi ta Legas da Kwatano. Shi wannan keke fok ɗinsa na gaba, wato ƙarfe mai ƙafa biyu da ke riƙe da taya, yana da shokozoba kamar na babur. A hanyar Maiha ko ta Sahuda mai gargada, ba shakka akwai daɗin hawa. Sai ran da ya lalace mai shi zai san abin da ya saya.

Dalili kuwa shi ne, Rali na Ingila, wanda har an taɓa harhaɗa shi a Kano, da Phoenix na ƙasar Sin, da Hero na Indiya, kusan duk ƙira ɗaya ce mai taya inci 28. Kayan wannan yakan shiga wancan, ko a ƙauye ma ba a rasa boris da sarƙa. Fok mai sifirin kuwa kowane kamfani da irin nasa. Na RockShox dabam, na Suntour dabam, na RST dabam, har a kamfani guda ƙirar bana ba ta karɓar kayan ta bara.

Wasu na shekarun 1990 ma ba sifirin ba ne a cikinsu, dunƙulen roba ne. In ya sha zafin bazara shekara da shekaru sai ya daskare kamar dutse, ko ya narke ya zama kamar ƙaro. Ƙurar hunturu kuma ta cinye robar da ke tare giris, yashi ya shiga ya kankare ƙarfen, fok ya riƙa girgiza duk lokacin da aka kama birki. Kamfanonin da suka ƙera su sun daɗe da daina yin kayansu, ko a Turai sai an sha wuya ake samu, balle a Mubi.

In an ce a sake fok ɗungurungum, nan ma da sauran magana. Wuyan tsofaffin inci 1 ne mai zare, na baya-bayan nan inci 1 da ɗaya bisa takwas ne maras zare. Tsohon yana ɗaukar taya inci 26, sababbi kuwa yawanci 27.5 ko 29, kuma mazaunin birkinsu ba ɗaya ba ne. Saboda haka mai gyara ba shi da mafita sai ya sayi mataccen keke ya ciri kayansa, ko ya yi sautu Yola ko Kano, mai keke ya yi ta jira yana zuwa makaranta ko gona a ƙasa.

Masu dabara sukan yanka sifirin na babur su cusa, wasu su yanko robar tsohuwar taya. Wannan da sauƙi. Abin tsoro shi ne masu kai fok ɗin da ya tsage wurin mai walda. Da yawansu ba baƙin ƙarfe ba ne, alminiyam ne ko dangoginsa, waldar bakin titi ba ta kama shi. In ya karye a gangara da buhun masara a kariya, fuska ce za ta fara isa ƙasa.

Tsofaffin masu gyara abin da suke yi shi ne su cire mai sifirin su sa sandararren fok mai wuya daidai da shi. Samari ba su so, wai keken ya koma na dattawa, amma shi ne ba ya neman komai sai giris a boris.