Hawan Duwatsun Riruwai da Kare a Farkon Kaka

Duk mai leƙa TikTok ya saba ganin matasan Turai suna hawan dutse, jaka a baya, kare na biye. Abin yana burge mutane, kuma mu ma muna da inda za a yi hakan. Idan ka taso daga Kano ta hanyar Zariya, ka karya a Kwanar Dangora, ka wuce Tudun Wada, ka ratsa dajin Falgore, za ka kai ƙaramar hukumar Doguwa. Can ne duwatsun Riruwai suke, inda aka daɗe ana haƙar kuza, kuma suna cikin wurare mafi tudu a jihar Kano.

Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba wurin ya fi kyau. Ruwa ya fara ɗaukewa, ko'ina kore shar, ƙoramu na gudu, hazo bai sauko ba. Sai dai fa lokacin da ya fi daɗin hoto shi ne ya fi wa kare hatsari. Ku lura, 'yan farauta, waɗanda suka fi kowa sanin kare da daji, ba sa fita gadan-gadan sai an gama girbi, ciyawa ta bushe.

Dalilinsu na farko ciyawa ce. A farkon kaka takan kai ƙugu, ba ka ganin inda kake taka ƙafa. Kububuwa da kasa suna kwance a ciki, kuma kasa ba ta cika gudu ba, lafewa take yi. Kai kana da takalmi da sanda. Shi kare hanci yake cusawa a kowane rami, shi ya sa saran yakan same shi a fuska. Ga kaska da ke maƙalewa a kunne da tsakanin yatsu, ga ƙarangiya. Idan mutum maciji ya sara, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a nufi asibiti kawai.

Sai kuma gona. Dawa na tsaye, makiyaya na kewaye da shanunsu. Karen birni da bai taɓa ganin garke ba, yana hango maraƙi zai bi shi a guje, kuma wallahi rigimar da za ta biyo baya ba ta ɗalibi ba ce. Don haka igiya a wuya tun daga gindin dutse har a sauko. Igiyar ce kuma za ta hana shi bin gwaggon biri, wanda haƙoransa suna iya farke kare.

Zafi ma abin dubawa ne. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake rage zafin jiki. Da rana ta take, falalen dutse yakan ƙona masa tafin ƙafa. Ɗora bayan hannunka a kan dutsen. In ba za ka iya jurewa ba, shi ma ba zai iya ba. A fara hawa da sassafe, a ɗauki ruwansa daban da ɗan kwano. Inda ruwa ya bi ya bar gansakuka kuwa, santsi ne da shi kamar sabulu.

Kafin a fita, a kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar ciwon haukan kare. Ranar 28 ga Satumba ma duniya ke tunawa da wannan cuta. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar.

Shi Falgore kansa gandun namun daji ne na gwamnati, farauta a ciki haramun ce a doka, sojoji na atisaye a yankin, kuma an sha samun matsalar masu garkuwa da mutane a hanyar. Kada a ratsa shi da dare, kada a tsaya a kutsa ciki da kare. In an isa Riruwai, a fara gaida dagaci ko mai unguwa, a nemi ɗan gari ya yi jagora, domin akwai tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai da ciyawa ta rufe bakinsu.